Naisin, Bankomaisin, Basitirasin ko Na Cikin Nono: Wane Feftaid Za Ka Ɗora Bincikenka a Kai?

Kowace shekara, idan ɗaliban digiri na biyu a fannin ƙananan halittu suka zo zaɓen abin da za su yi bincike a kai, ba a rasa mutum biyu ko uku da suka ƙwallafa rai a kan feftaid masu kashe bakteriya. Kuma ina ganin gaskiyarsu. Magungunan da asibitoci suka dogara da su suna ta rasa kaifi, alhali waɗannan gajerun sarƙoƙin amino asid, waɗanda bakteriya da naman kaza da jikin ɗan Adam kansa ke ƙerawa don kare kai, da yawansu suna kai farmaki ne inda ƙwayar cuta ba ta iya sauya kama cikin sauƙi, wato wurin ginin katangarta. Tsaka mai wuyar tana zuwa ranar da malami mai duba aikin ya ce, "To, da wanne za ka yi aiki?" Wani ya karanta labarin teksobaktin ya ji duk duniya babu kamarsa, wani an ce masa naisin ya fi araha, wata kuma tana son ta tace nata daga nonon da ake sayarwa a bakin tasha. Duk hanyoyi ne, amma ba gari ɗaya suke kai mutum ba.

Sai an san ginin kafin a san mai rushe shi

Cikin bakteriya akwai matsin ruwa mai ƙarfi, kuma abin da ya hana ta fashewa shi ne katangar feftidogilaikan. Katangar kamar raga take: dogayen zaren sukari iri biyu da ake jerawa bi da bi, sannan a ƙulle zare da zare da gajerun feftaid. Muddin ƙwaya na girma, ginin ba ya tsayawa. Tana ɓarke tsohon wuri, tana cusa sabon tubali.

A cikin gida ake buga tubalin, gini kuwa a waje yake. A ciki ake haɗa sukari ɗaya da wata jela mai amino asid 5, wadda biyun ƙarshenta duka D-alanin ne. Daga nan a ɗora shi a kan wani dogon kitse mai kabon 55 da ke nitse a cikin tantanin ƙwayar, mahaɗarsu kuwa tagwayen fosfet ne. Idan aka ƙara sukari na biyu, an sami abin da ake kira lifid II. Wani furotin ya juya shi zuwa waje, magina su sauke kayan su liƙa su ƙulle. Maginan nan su ne furotin ɗin da fenisilin ke kamawa. Kitsen mai kabon 55 ya rage fanko da fosfet biyu a kansa, kuma ba zai koma ciki ɗauko wani kaya ba sai an cire masa guda. Baro ne na dakon tubali, kuma ƙwaya ba ta da shi da yawa, 'yan kaɗan ɗin take ta juyawa ba hutu.

Fenisilin magini yake kamawa, ƙwaya kuwa tana iya kawo wani maginin da bai san fenisilin ba. Abin da Staphylococcus aureus mai jure metisilin ya yi ke nan da furotin ɗinsa PBP2a. Feftaid ɗin da muke magana a kansu tubalin suke kamawa, ko baron. Sauya siffar tubali yana bukatar a sake tsarin masana'antar gaba ɗaya, shi ya sa jure musu ke da wuyar samuwa, ko da yake za mu ga cewa ba gagara ya yi ba.

Abubuwa biyar da nake aunawa

Na farko, kuma shi ne wanda ɗalibai suka fi tsallakewa: tsabtar hujja. Feftaid ɗin ginin kawai yake tsayarwa, ko kuwa yana huda tantani ma? Idan yana yin duka biyun, ranar kare aiki za a tambaye ka wanne ne ya kashe ƙwayar. Na biyu kuɗi da samuwa. Farashin kayan gwaji dala yake bi, saboda haka abin da ya fi amfani shi ne a duba ma'aunin da ake sayar da abu da shi: wanda ake sayarwa da kilo, da wanda ake sayarwa da giram, da wanda sai da miligiram, ba ajinsu ɗaya ba. Na uku juriya, wato yadda yake ɗaukar zafin bazara da ɗauke wuta. Na huɗu sauƙin gwaji da kayan da ke cikin ɗakin gwajinku yau, ba waɗanda aka yi alkawarin kawowa ba. Na biyar haɗari, gare ka da kuma ga marasa lafiyar da ba su san kana yi ba.

Naisin

Lactococcus lactis ce ke yin sa, ƙwayar da masu cuku suka daɗe da sani. An fara lura da aikinsa a 1928, aka raɗa masa suna a Ingila a 1947, kwamitin haɗin gwiwa na Hukumar Abinci da Noma da Hukumar Lafiya ta Duniya ya amince da shi a matsayin abin adana abinci a 1969, Amurka ta bi sahu a 1988. A jikin kwalin abinci na Turai lambarsa E234. Amino asid 34 ne, da zobba 5. Zobba biyun farko suna rungumar tagwayen fosfet na lifid II kamar keji, sauran jikin kuma ya lanƙwasa ya nitse cikin tantani. Masu bincike a Jami'ar Utrecht ta ƙasar Holan, Eefjan Breukink da abokan aikinsa, sun nuna a 1999 cewa lifid II ne ƙofar shigarsa, daga baya aka auna cewa naisin 8 da lifid II guda 4 ne ke haɗuwa su buɗe rami ɗaya.

Ta wajen kuɗi babu mai kama ƙafarsa, domin kayan masana'antar abinci ne, da kilo ake cinikinsa. Sai dai a kula: garin da ake sayarwa, irin su Nisaplin, kashi 2.5 cikin 100 ne kawai naisin, wato miligiram 25 a kowane giram, sauran gishiri ne da busasshiyar madara. Na ga ɗalibin da ya lissafa duk garin a matsayin naisin, alƙalumansa suka ninka gaskiya sau 40. Kuma tunda gishirin yana da yawa, dole a ware faranti ɗaya na gishiri zalla don a tabbatar ba shi ne ya hana ƙwayar tsiro ba. Tataccen naisin kuwa wani aji ne na tsada.

Juriyarsa tana da sharaɗi. Busasshen garin yana ɗaukar watanni masu yawa a wuri mai sanyi-sanyi mara laima. A ruwa mai tsami sosai, wajen pH 2, har tukunyar turara kayan gwaji yana shiga ya fito da ƙarfinsa. Amma da zarar ruwan ya kai pH 7 ko ya wuce, narkewarsa ta ragu, ƙarfinsa ya fara zubewa. Shi ya sa ake narkar da shi a ruwan asid mai rauni, ba a ruwan famfo ko na kwalba ba. Yana manne wa roba da gilashi, kuma ba ya yaɗuwa sosai a cikin aga, wato daskararren abincin da ake rainon ƙwaya a kansa a faranti, saboda haka ake ɗiga Tween 20, wani sinadari mai kama da sabulu, a cikin abincin ƙwayar, a kuma yi gwajin da Micrococcus luteus wadda ba ta jure masa ko kaɗan. Akwai nau'in Z, wanda amino asid ɗaya tak ya raba shi da nau'in A, ya fi yaɗuwa a faranti.

Haɗarinsa kaɗan ne. Mutane sun shekara fiye da 60 suna cin sa a cuku da abincin gwangwani, sinadaran narkar da abinci na hanji suna sassare shi. Ba ya taɓa ƙwayoyin da ba sa riƙe rinin Gram, irin su E. coli da Salmonella, saboda tantaninsu na waje, sai an haɗa shi da EDTA mai sassauta wannan tantanin.

Inda naisin ke ba da wahala shi ne ma'auni na farko. Huda tantanin yana da sauri ƙwarai, cikin mintuna fotasiyam da sauran kayan ciki sun tsiyaye, ƙwaya ta mutu tun kafin rashin tubali ya nuna a jikin katanga. Wanda ya rubuta a taken aikinsa cewa zai nuna "hana ginin katanga" da naisin kaɗai, ya ɗauko wa kansa dala ba gammo.

Bankomaisin

Wani zai ce wannan ai maganin asibiti ne, ba feftaid ba. Feftaid ne mai amino asid 7 da sukari biyu a rataye, kuma halitta ce ta yi shi: wata ƙwayar ƙasa, Amycolatopsis orientalis, da kamfanin Eli Lilly ya samo daga turɓayar tsibirin Borneo, aka fara ba marasa lafiya a 1958. Abin da ya bambanta shi da naisin shi ne ba ribosom, masaƙar furotin ta cikin ƙwaya, ke saƙa shi ba, wasu manyan sinadarai ne ke harhaɗa shi. Ka tanadi wannan amsar, domin mai jarrabawa daga waje yana iya tayar da maganar.

Shi jelar tubalin yake kamawa, D-alanin biyun nan na ƙarshe, da ɗauri 5 na haidurojin. Ya zauna a kai kamar hula, magini ya rasa inda zai riƙe. Ba ya huda tantani. A ma'aunin tsabtar hujja shi ne zakaran gwajin dafi: duk wanda ke son nuna cewa sabon abu yana hana ginin katanga, da bankomaisin yake kwatantawa.

Labarin jure masa shi kansa darasi ne. A 1988 aka ba da rahoton Enterococcus masu jure masa daga Ingila da Faransa. Dabararsu ita ce su cire D-alanin na ƙarshe su sa D-laktet a gurbinsa. Ɗauri ɗaya ya ɓace, wani turi ya shigo, kamun ya yi rauni kusan sau 1,000. A 1997 aka bayyana Staphylococcus aureus mai matsakaiciyar juriya a Japan, wanda ya kaurara katangarsa har maganin ya ƙare a hanya, sannan a 2002 aka sami mai cikakkiyar juriya a jihar Michigan ta Amurka. Abin sha'awa ga mai ƙaramin ɗakin gwaji shi ne Leuconostoc da Pediococcus da yawancin dangin Lactobacillus da D-laktet ɗin aka halicce su. Bankomaisin ba ya musu komai, naisin kuwa yana kashe su, tunda shi ba jelar yake nema ba. Faranti biyu kacal, da ƙwayar da ba ta cutar da kowa wadda ake samu a abinci mai tsami, sun nuna cewa magungunan biyu tubali ɗaya suke kamawa a wurare daban.

Kuɗinsa matsakaici ne. Ana samun kwalbar allura ta miligiram 500 ko giram 1, kuma ga aikin gwaji kwalba ɗaya ta isa shekara. Amma na gwaji, wanda aka rubuta ainihin ƙarfinsa a takardarsa, shi ya fi dacewa da aikin da za a buga. Garin yana son ƙasa da digiri 25, abin da watan Afrilu a Kano ko Sakkwato ko Maraɗi ba ya bayarwa sai da firji. Yana narkewa a ruwa ba gardama, narkakken yana kwanaki a firji, a firiza kuma ya fi haka idan an rarraba shi ƙananan kwalabe don kada a yi ta narkarwa ana daskarewa.

Tarkon da ke cikinsa faifan takarda ne mai ɗauke da maikurogiram 30 na maganin, wanda ake ɗorawa a faranti don gwada ƙwaya. Ƙwayar maganin babba ce, ba ta tafiya sosai a aga, kuma faifan ba ya iya bambance Staphylococcus mai jin magani da mai matsakaiciyar juriya. Tun 2009 hukumar CLSI ta Amurka, wadda yawancin ɗakunan gwajinmu ke bin ƙa'idarta, ta cire wannan gwajin ga Staphylococcus. Sai dai a auna mafi ƙarancin adadin da ke tsayar da girma, abin da ake taƙaitawa MIC: ga Staphylococcus aureus, maikurogiram 2 ko ƙasa a kowace mililita mai jin magani ne, 4 zuwa 8 matsakaici, 16 zuwa sama mai juriya. Takardun bincike da yawa sun yi shelar samun ƙwaya mai jure bankomaisin bisa faifai kawai, kuma wannan yana tayar da hankalin likitoci a banza.

Haɗarin a nan ba naka ba ne kai kaɗai. Wannan magani na cikin abin da ake ajiyewa don mara lafiyar da sauran magunguna suka gaza a kansa. Ba na goyon bayan ɗalibi ya ɗauko Staphylococcus daga raunin majiyyaci ya riƙa rainonsa cikin bankomaisin kaɗan-kaɗan don ya ga ko zai koyi juriya, a ɗakin da ba shi da akwatin kariya mai aiki. Bacillus subtilis ta isa wannan tambayar. Kuma duk faranti da kwalba su shiga tukunyar turara a digiri 121 na minti 15 kafin su ga kwandon shara.

Basitirasin

Shi ne wanda aka fi rainawa, ni kuwa shi na fi so wa mai farawa. An bayyana shi a 1945 daga Jami'ar Columbia da ke New York, daga wata Bacillus da aka samu a raunin ƙafar wata yarinya. Amino asid 12 ne, wani sashensa a naɗe kamar zobe. Ba ya kula tubali sam. Baron yake jira ya sauke kaya, sai ya dafe tagwayen fosfet ɗin da ke kansa, a kasa cire gudan nan, baro ya kasa komawa ciki. Kaɗan-kaɗan duk barorin su maƙale a waje, gini ya tsaya.

Ba ya iya wannan kamun sai da ƙarfe a tsakani, kuma zink ya fi masa. A nan akwai gwaji mai kyau wanda kusan kyauta ne: zuba EDTA, wanda ke wawushe zink, sai basitirasin ya mutu murus, alhali EDTA ɗin nan shi ke ƙara wa naisin iko a kan E. coli. Sinadari ɗaya, sakamako biyu masu karo da juna, kuma kowanne yana da bayani daga yadda feftaid ɗin yake kamu.

Yana da araha, da giram ake sayar da shi, kuma ɗakunan gwajin asibiti sun san faifansa mai yunit 0.04 da ake gane Streptococcus pyogenes da shi. Kada a ɗauki wannan faifan don auna ƙarfin magani, na tantance ƙwaya ne kawai. Kada kuma a tatso shi daga man shafawa na kemis, domin sau da yawa a haɗe yake da niyomaisin ko folimiksin. Raunin basitirasin juriya ce: garin yana shan laima, firji yake so, narkakkensa bai wuce kamar mako guda a sanyi ba, a zafin ɗaki kuwa yana rikiɗa zuwa wani nau'i mara ƙarfi. Mai haɗe da zink ya fi daɗewa. Wanda unguwarsu ke kwana uku ba wuta, ya riƙa narkar da na yini ɗaya kawai.

Yana lahanta ƙoda idan ya shiga jini, har hukumar kula da magunguna ta Amurka ta nemi a janye na allura a 2020, kuma yana sa wasu ƙaiƙayin fata, don haka safar hannu wajibi ce. An daɗe ana zuba shi a abincin kaji don su yi saurin girma, Tarayyar Turai ta hana haka a 1999. Ga ɗalibin likitancin dabbobi, wannan ƙofa ce ta tambaya mai amfani a kan ƙwayoyin da ke cikin kashin kaji.

Filektasin da teksobaktin

Na haɗa su wuri ɗaya domin matsalarsu ɗaya ce: kyau kamar me, samu kuwa sai mai dogon hannu. Filektasin daga wani baƙin naman kaza na dazukan arewacin Turai ya fito, Pseudoplectania nigrella, kamfanin Novozymes na Denmak ya bayyana shi a 2005. Amino asid 40 ne, ɗan dangin difensin, irin feftaid ɗin da fararen ƙwayoyin jininmu ke amfani da su. A 2010 Tanja Schneider da abokan aikinta a Jami'ar Bonn ta Jamus suka nuna cewa lifid II yake kamawa ba tare da huda tantani ba, abin da ya rushe tunanin da ake da shi cewa duk difensin huji kawai suka iya. Hujjarsa tsaf take. Amma ana samar da shi ne ta hanyar dasa ƙwayar gadonsa a cikin yis ko funfuna, kuma da miligiram ko ƙasa da haka ake sayarwa, a cikin ƙanƙara.

Teksobaktin ya fito a 2015 daga ɗakin gwajin Kim Lewis na Jami'ar Northeastern a Boston, tare da kamfanin NovoBiotic. Sun yi amfani da wata 'yar na'ura da ke ba ƙwayoyin da ba sa tsiro a faranti damar girma a cikin ƙasarsu ta asali, suka samo Eleftheria terrae daga turɓayar jihar Maine. Amino asid 11 ne, yana kama lifid II da kuma lifid III, wanda ke dakon kayan wani ɓangaren katangar, kuma a gwajin farko an kasa samun Staphylococcus ko ƙwayar tarin fuka da ta jure masa. Binciken 2022 ya nuna yana taruwa ya zama dogayen zaruruwa a kan tantani har ya raunana shi, wato shi ma hannu biyu yake yaƙi da su. Har yanzu ba maganin asibiti ba ne, kuma ɗaya daga amino asid ɗinsa baƙo ne mai wuyar ƙerawa, shi ya sa masu bincike da yawa ke aiki da 'yan kwaikwayonsa.

Na cikin nono da daddawa

Wannan ita ce hanyar da ta fi jan zuciya, kuma tana da tushe. Nono da kindirmo cike suke da ƙwayoyin tsami, dangin mai yin naisin, daddawa kuwa Bacillus subtilis da 'yan uwanta ne ke ruɓar da kalwar, dangin masu yin basitirasin da subtilin, wani feftaid mai kama da naisin. Farkon aikin kusan kyauta ne. Ƙarshensa ne ke cin kuɗi.

Filin da ƙwaya ta kasa tsirowa a kewayen ramin da aka ɗiga ruwan gwaji a faranti ba hujjar feftaid ba ce. Tsamin asid kaɗai yana yin haka, haidurojin feroksaid ma yana yi. Sai an daidaita ruwan zuwa kusan pH 6.5, an zuba katalas mai lalata haidurojin feroksaid, fili bai ɓace ba, sannan an zuba sinadarin sassare furotin fili ya ɓace, a lokacin ne za a ce akwai feftaid. Ko an kai nan, ba a ce komai game da katanga ba. Feftaid irin su fediyosin da danginsa, waɗanda suka yi yawa a ƙwayoyin tsami, wata ƙofar shigar sukari suke bi su huda tantani, ba ruwansu da lifid II. Bacillus kuma tana yin safaktin mai narkar da tantani kamar sabulu. Tacewa, da gano nauyin feftaid ɗin, da karanta ƙwayar gado, duk sai an aika wani wuri an biya.

| Zaɓi | Inda yake kamu | Kuɗi | Juriya | Sauƙin gwaji | Haɗari |
|---|---|---|---|---|---|
| Naisin | Fosfet na lifid II, da huda tantani | Mafi araha | Mai kyau a bushe ko a tsami | Matsakaici | Kaɗan |
| Bankomaisin | Jelar D-alanin | Matsakaici | Mai kyau da firji | Sai da MIC | Babba idan aka yi sakaci |
| Basitirasin | Baron da ya sauke kaya | Araha | Rauni idan an narkar | Mai sauƙi | Matsakaici |
| Filektasin | Lifid II kawai | Tsada sosai | Sai firiza mai tsayayyar wuta | Mai wuya | Kaɗan |
| Teksobaktin | Lifid II da III | Ba a kasuwa sosai | Sai firiza mai tsayayyar wuta | Mai wuya | Ba a gama tantancewa a mutum ba |
| Na nono ko daddawa | Sai an bincika | Araha a farko, tsada a ƙarshe | Ya danganta | Doguwar hanya | Kaɗan zuwa matsakaici |

Wa ya dace da wanne

Idan tambayarka ita ce yadda ake tsayar da ginin katanga, kuma abin da kuke da shi inkubeta ne da na'urar auna duhun ruwa da tukunyar turara, ɗauki basitirasin da bankomaisin tare, a kan Bacillus subtilis ko Micrococcus luteus. Ɗaya ya kama baro, ɗaya ya kama tubali, duka biyun sai ƙwaya tana girma suke ci, kuma za ka iya nuna haka ta hanyar gwada su a kan ƙwayar da ke tsakiyar girma da wadda aka wanke aka ajiye a ruwan gishiri. Ƙara naisin a matsayin na uku, zai kashe har wadda ba ta girma, kuma idan sashen kimiyyar sinadarai na da na'urar auna fotasiyam, za ka ga tsiyayarsa cikin mintuna. Wannan aiki ne cikakke da ake iya gamawa a zango biyu.

Idan kina fannin kimiyyar abinci, kuma damuwarki kindirmo ko madarar waken suya ko awara da ke lalacewa kafin a sayar, naisin ne naki ba tare da dogon tunani ba. Ki dai tuna tsamin abincin shi ke yanke hukunci, zai fi ƙarfi a kindirmo fiye da madarar waken suya, kuma ba ya hana funfuna ko yis.

Mai aiki a ɗakin gwajin asibiti da ke son sanin halin Staphylococcus ko Enterococcus na majiyyatansu, bankomaisin ne, da sharaɗin MIC da akwatin kariya da izinin kwamitin ɗa'a. Ɗalibin likitancin dabbobi ko kiwon kaji ya dubi basitirasin.

Wanda zuciyarsa ta kafe a kan teksobaktin ko filektasin, ya tambayi kansa ko yana da malamin da ke da abokan aiki a wani ɗakin gwaji da zai aiko da kayan ko ya karɓe shi na 'yan watanni. Idan babu, siffofin filektasin, da na naisin a rungume da guntun lifid II, suna nan kyauta a rumbun siffofin furotin na intanet, ana iya aikin kwamfuta mai ma'ana a kansu, muddin an rubuta ƙarara cewa lissafi ne ba gwajin faranti ba.

Mai son tace nata daga nono ko daddawa kuwa, idan digiri na biyu ne, ta tsaya a kan tabbatar da cewa feftaid ne, da auna juriyarsa ga zafi da tsami, da neman ƙwayar gadon naisin ko subtilin ta hanyar PCR, gwajin da ke ninka guntun ƙwayar gado har a iya ganin sa, kada ta sa kalmar katanga a taken aikin. Idan digiri na uku ne mai shekara uku da tallafin kuɗi, ta sa, amma ta sayi bankomaisin da naisin tun ranar farko, domin duk abin da ta samo daga ƙwaryar nono a tsakanin waɗannan biyun za a auna shi.